'Yan Dakon Mayaƙa: Daga Jiragen Teku Zuwa Tankokin Gombe

Tsakanin birnin Gombe da bakin teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma akasarin masu tankoki da tirelolin da ke wannan gari ba su taɓa taka jirgin ruwa ba. Duk da haka, tun lokacin da rikicin Boko Haram ya mai da arewa maso gabas fagen daga, sana'ar da wasunsu suka sami kansu a ciki ita ce dai wadda ke ci wa manyan rundunonin mayaƙan ruwa na duniya tuwo a ƙwarya a yau, watau yadda farar hula ke ɗaukar mai da abinci da kayan aiki su kai wa soja a inda yake. A teku wannan sana'a tana da tsari, tana da albashi da fansho da doka. A kan tudu a nan ƙasar, galibi kwangila ce da addu'a.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, jirgin ruwa na yaƙi ba ya iya ciyar da kansa. An ƙera shi ne domin gudu da ɗaukar makamai, saboda haka rumbunsa ƙarami ne, kuma in yana aiki sosai cikin 'yan kwanaki yake shanye mansa. Hatta manyan jiragen Amurka masu ɗauke da jiragen sama, waɗanda ke tafiya da makamashin nukiliya, ba su tsira ba, domin jiragen saman da ke kansu mai suke sha, kuma mutum kusan 5,000 da ke ciki sai sun ci sau uku a rana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In jirgin ya ce sai ya koma tasha duk lokacin da guzurinsa ya ƙare, to ya bar bakin aikinsa ke nan, ga kuma hatsarin da ke cikin tsayawa a tashar da ba tasa ba. Ran 12 ga watan Oktoba na 2000, jirgin yaƙin Amurka mai suna Cole yana shan mai ne a tashar Adan ta ƙasar Yaman lokacin da wani ƙaramin kwalekwale cike da nakiya ya rabe shi ya tashi, sojoji 17 suka mutu.

Maganin da aka samo shi ne a kai wa jirgin kayansa a tsakiyar teku, yana tafe ana tafe. Amurkawa sun fara gwada wannan sosai cikin 1917, sa'ad da jirgin dakon mai Maumee ya riƙa shayar da ƙananan jiragen yaƙin da ke kan hanyarsu ta zuwa Turai. Ɗaya daga cikin hafsoshin da suka tsara aikin shi ne Chester Nimitz, wanda daga baya ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a tekun Fasifik a yaƙin duniya na biyu. Yadda ake yi a yau bai sauya da yawa ba. Jirgin dako yakan kama hanya ɗaya miƙaƙƙiya da gudun kimanin kilomita 24 cikin sa'a, jirgin yaƙi ya matso gefensa har ya rage tazarar mita 50 ko kusa da haka, a harba siririyar igiya daga wannan zuwa wancan, da ita a jawo igiyar ƙarfe, sa'an nan a rataya mesar mai a kanta. Buhunan abinci da albarusai da kayan gyara kan bi wata igiyar, ko kuwa jirgin sama mai saukar ungulu ya riƙa jigilarsu. Ana iya shafe sa'o'i ana wannan, kuma in matuƙi ɗaya ya karkace ko kaɗan, ƙarafa masu nauyin dubban tan ne za su gwabza da juna, ga mai yana gudana a tsakaninsu.

Domin mai tanka ya gane girman abin, jirgin dakon mai guda na Amurka, daga cikin samfurin da ake kira Henry J. Kaiser, yana ɗaukar ganga kusan 180,000. In aka juye wannan cikin tankokin nan namu masu cin lita 33,000, za a cika kimanin 870.

Abin mamakin shi ne, waɗanda ke tuƙa irin waɗannan jirage a Amurka da Birtaniya ba sojoji ba ne. Birtaniya ta kafa sashen da ake kira Royal Fleet Auxiliary tun cikin 1905. Jiragensa mallakar gwamnati ne, an shafe su da fenti ruwan toka irin na jiragen yaƙi, amma daga kyaftin har mai dafa abinci ma'aikata ne masu takardun aikin jiragen kasuwa, suna kuma da ƙungiyoyin ƙwadago. Amurka ta bi sahu a makare. Hukumarta ta jigilar kayan soja a teku, wadda aka kafa cikin 1949 aka kuma sake mata suna zuwa Military Sealift Command cikin 1970, ta karɓi jirgin dakon mai na farko daga hannun sojoji ta damƙa wa farar hula cikin 1972. Da aka ga riba, sai aka yi ta miƙa sauran. A yau hukumar tana gudanar da jirage fiye da 100, da ma'aikatan ruwa na gwamnati sama da 5,000.

Dalilin duka lissafi ne irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani. Soja yana da tsada: a horar da shi, a ba shi gida, a kula da iyalinsa, bayan shekara biyu ko uku a sauya masa wurin aiki, a sake koya wa wani. Shi kuwa ma'aikacin jirgin kasuwa yakan shekara ashirin a kan injin guda, ya san tarinsa ya san atishawarsa. Don haka jirgin da a da yake buƙatar sojoji ɗari biyu ko uku, farar hula da ba su kai ɗari ba sun ishe shi. Sababbin jiragen dakon man Birtaniya guda huɗu, samfurin Tide, waɗanda aka ƙera a Koriya ta Kudu suka fara aiki tsakanin 2017 da 2019, kowannensu mutum 63 ne ke tafiyar da shi. Bugu da ƙari, jirgin da ba shi da rundunar soja a ciki yakan fi samun sauƙin shiga tashoshin ƙasashen da ba sa son a gan su da jirgin yaƙin wani.

To, amma harsashi bai san farar hula ba. A yaƙin da aka yi tsakanin Birtaniya da Ajantina kan tsibiran Fokland cikin 1982, fagen dagar yana da nisan kusan mil 8,000 daga Ingila. Jiragen dakon gwamnati ba su isa ba, sai da aka karɓo jiragen 'yan kasuwa fiye da 40, ciki har da manyan jiragen fasinja Canberra da Queen Elizabeth 2. Ran 25 ga Mayu makamai masu linzami suka sami jirgin kaya Atlantic Conveyor na kamfanin Cunard, mutum 12 suka rasu, har da kyaftin ɗinsa. Tare da shi aka yi asarar uku daga cikin manyan jirage masu saukar ungulu huɗu da aka tanada domin ɗaukar sojoji, saboda haka dole dakarun suka ratsa tsibirin da ƙafa, da kayansu a baya, cikin tsananin sanyi. Bayan mako biyu, ran 8 ga Yuni, aka jefa wa jirgin Sir Galahad bam, mutum 48 suka halaka, sojoji da ma'aikatan jirgin. Jirgin kaya guda ɗaya da aka rasa ya sauya tsarin yaƙin baki ɗaya.

Nijeriya ma tana da nata tarihin a wannan fage, sai dai ba a cika ba da shi ba. Cikin 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, da haɗin gwiwar kamfanonin Elder Dempster da Palm Line, aka kuma raɗa wa jiragensa na farko sunayen manyan mutanen ƙasar, irin su Dan Fodio da King Jaja da Oduduwa da El Kanemi. Domin ɗaukar gyaɗa da koko da auduga aka saye su. Amma da yaƙin basasa ya ɓarke cikin 1967, rundunar mayaƙan ruwa ba ta da jiragen da za su ɗauki dubban sojoji da motocinsu, sai aka juya ga jiragen kasuwa. Da taimakonsu dakarun Benjamin Adekunle suka sauka a Bonny cikin watan Yuli na wannan shekara, suka kuma sauka a Kalaba cikin Oktoba, kuma su ne suka ci gaba da jigilar sojoji da guzuri a gaɓar teku har aka gama yaƙin cikin Janairu na 1970. Matuƙansu ba su taɓa yin rantsuwar soja ba.

Haka aka sake yi cikin 1990. Lokacin da rundunar ECOMOG ta tashi daga Firitawun ta sauka a tashar Manrobiya ran 24 ga Agusta, a ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Gana, ayarin ya ƙunshi jiragen yaƙi irin su NNS Ambe, ya kuma ƙunshi jirgin kasuwa Tano River na kamfanin Black Star na Gana. Jirgin NNSL mai suna River Oli yana cikin waɗanda suka kwaso dubban 'yan Nijeriya da yaƙin Laberiya ya rutsa da su. A wannan lokaci kamfanin ya riga ya fara tangal-tangal. Shi da ya mallaki jirage 24 a ƙarshen shekarun 1970, bayan da gwamnati ta yi odar sababbi 19, ya wayi gari ana kama jiragensa a tashoshin ƙasashen waje saboda bashi. Cikin Satumba na 1995 aka rushe shi. Wanda ya gaje shi, National Unity Line, da jirgi ɗaya tak ya fara, bai kuma yi nisa ba. Tsofaffin ma'aikatan NNSL, cikinsu har da waɗanda suka shiga ruwan Manrobiya ana harbi, sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu.

A ganinmu, asarar da aka yi cikin 1995 ta wuce ta jirage. Ƙarfe ana iya sayensa gobe in akwai kuɗi. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne kyaftin ko babban injiniya, domin ɗalibin da ya gama makarantar koyon aikin jiragen ruwa ta Oron ba ya samun takardar ƙwarewa sai ya yi watanni a cikin jirgi mai tafiyar teku, kuma jiragen da za su ɗauke shi su ne aka sayar. Dokar jigilar gaɓar teku ta 2003 ta ce jiragen da ke aiki a ruwan Nijeriya su zama na 'yan ƙasa, da ma'aikata 'yan ƙasa, ta kuma kafa asusun da ake zuba kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangila domin a ba masu jirage rance. An yi fiye da shekara 20 ana tara kuɗin ba a raba ba, yayin da jiragen waje ke ci gaba da aiki da izinin musamman. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita rundunar mayaƙan ruwa ta ɗan farfaɗo ta ɓangarenta. Cikin 2022 ta karɓi jirgin jigilar dakaru NNS Kada wanda ya maye gurbin su Ambe, kuma a cikin shekarar ya kai sojoji da kayan aiki Gini Bisau. Ta kuma kafa kwalejin koyar da harkar guzuri da kayan aiki a Dawakin Tofa ta jihar Kano, nesa da teku, abin da ke nuna cewa ilmin dako iri ɗaya ne a ruwa da tudu. Sai dai ba ta da wani sashe na jiragen dako masu ma'aikata farar hula irin na Birtaniya. Mafi kusa da haka shi ne jiragen rakiya na kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ke kare jiragen kasuwa da rijiyoyin mai: kamfani ne ke da jirgin da matuƙansa, rundunar kuma ta zuba sojoji masu makamai a ciki bisa yarjejeniya. Mai kaya ne ke biyan kuɗin rakiyar.

Nan ne maganar ta fara taɓa aljihun ɗan kasuwar Gombe kai tsaye. Cikin 2020, daga ma'aikatan jiragen ruwa 135 da 'yan fashin teku suka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Kamfanonin inshora na London suka ɗora wa jiragen da ke zuwa nan ƙarin kuɗi irin na yankin yaƙi, masu jirage kuma suka juye shi a kan kowace kwantena. Fashin ya ragu ƙwarai daga 2021, amma hukumomin Nijeriya sun daɗe suna kukan cewa ƙarin bai sauka tare da shi ba. Mai riɗi ko waken soya da ya yi lodi a kasuwar Tudun Hatsi zuwa Apapa ko Onne, da mai shigo da taki ko kayan gyaran mota, duk sun biya rabonsu na wannan kuɗi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Amma babban kamancen yana kan titi. Gombe mahaɗa ce tun asali. Kafin a dawo da hedikwatar masarautar nan cikin 1919, a Nafada take, a bakin kogin Gongola, inda jiragen ruwa ke iya kaiwa da damina. Daga baya jirgin ƙasa ya ratsa garin ya isa Maiduguri cikin 1964, sa'an nan aka shimfiɗa bututun mai daga Kaduna ya bi ta Jos ya sauka a daffon Gombe ya wuce Maiduguri. Kogin ya daina ɗaukar kaya, layin dogon ya kwanta, bututun ya shafe shekaru ba ya kawo mai. Abin da ya rage shi ne tanka da tirela. Duk litar man da motar soja za ta sha a Biu ko Damboa, da duk buhun shinkafa ko masarar da za a dafa a sansani, sai wani direba farar hula da yaron motarsa sun ɗauko shi, sau da yawa daga nisan fiye da kilomita 1,000.

Hatsarin da ke cikin wannan ba ɓoyayye ba ne. Hanyar Biu zuwa Damboa zuwa Maiduguri ta daɗe a rufe, ko da aka buɗe ta sai da rakiyar soja, kuma mota takan kwana biyu ko uku tana jiran ayari ya haɗu. Ran 9 ga Fabrairu na 2020, matafiya da manyan motocin da suka isa Auno bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma suka kwana a bakin titi, 'yan bindiga suka auka musu da dare, suka kashe aƙalla mutum 30, suka ƙona motocin da kayansu. Gombe kanta ta ɗanɗana: bam ya tashi a tashar Dukku cikin Disamba na 2014, aka kuma sake kai hari tashoshin Dukku da Daɗin Kowa cikin Yuli na 2015. Tashar mota suke nema domin sun san nan ne jijiyar garin.

Bambancin da ke tsakanin wannan direba da takwaransa na teku yana cikin takarda. Ma'aikacin jirgin dakon Birtaniya ko na Amurka ma'aikacin gwamnati ne, in ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki akwai abin da doka ta tanadar wa iyalinsa. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ma ta ambaci 'yan kwangilar da ke kai wa soja kaya da ma'aikatan jiragen kasuwa cikin waɗanda za a riƙe da mutunci a matsayin fursunonin yaƙi in an kama su, ko da yake wannan a yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ne, ɗan ta'adda bai san da ita ba. Shi kuwa direban tanka, a ƙarshen dogon layi yake: babban ɗan kwangila ya karɓi aiki, ya ba ƙarami, ƙaramin ya yi hayar mota, mai mota ya tura direba. Inshorar mota da ta kaya da aka saba saye ba ta ɗaukar asarar yaƙi ko ta'addanci, sai an sayi ƙari na musamman, kuma kaɗan ne ke saye. In mota ta ƙone, mai ita ya rasa jari, iyalin direba su dogara da abin da ƙungiya da maigida suka ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma lissafin da ya rikice tun 2023. A da, asusun daidaita farashin mai da aka kafa cikin 1975 shi ke biyan kuɗin dakon mai daga kudu zuwa arewa, ko da yake biyan kan makara. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu na 2023, dakon ya koma ciniki tsakanin mai mota da dillali, alhali farashin man dizal da taya da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo. Cikin Fabrairu na 2024 ƙungiyar masu motocin sufuri, NARTO, ta umarci 'ya'yanta su ajiye tankoki saboda kuɗin dakon ba ya fitar da su, kuma cikin gaggawa aka zauna da su. Mai tankar da ke lissafin kwangilar zuwa yankin daga, ya kamata ya sa kwanakin jiran rakiya cikin farashinsa, ya nemi a rubuta wanda zai ɗauki asara in an ƙona mota ko an kwace ta, ya kuma san ranar biya, domin bashin banki ba ya jiran takardar ofis. Ya kuma tabbata yana riƙe da izinin soja a rubuce, tun da an sha hana jigilar mai da takin zamani zuwa wasu sassan Barno don kada su faɗa hannun 'yan ta'adda, kuma wanda aka kama ba takarda, sunansa mai kai wa maƙiya kaya.

Kada a zaci cewa manyan ƙasashen sun gama warware tasu matsalar. Su ma sun yi arha da ɗan dako har ya gaji. Ran 15 ga Agusta na 2024 hafsoshin jiragen dakon Birtaniya suka shiga yajin aiki, karo na farko tun da aka kafa sashen, saboda albashinsu ya daɗe yana zaizayewa, ba a kuma sasanta ba sai farkon 2025. A cikin shekarar ta 2024 Amurka ta yanke shawarar ɗaure jirage 17 a tasha domin ba ta da isassun ma'aikatan da za su tuƙa su, ganin yadda mutane ke barin aikin saboda daɗewa a teku ba hutu, ga kamfanonin kasuwa na biyan fiye da gwamnati. Cikin watan Satumba kuma jirgin dakon mai Big Horn ya lalace a kusa da gaɓar Oman, a daidai lokacin da shi kaɗai ne ke shayar da ayarin babban jirgin yaƙi Abraham Lincoln a yankin, dole aka shiga neman jirgin 'yan kasuwa da zai toshe gurbin. Birtaniya ta riga ta ba da kwangilar fam biliyan 1.6 cikin Janairu na 2023 domin ƙera sababbin jiragen dakon kaya guda uku, amma wanda take da shi guda ɗaya, Fort Victoria, ya shafe lokaci mai tsawo a ɗaure a tasha, kuma ƙarancin ma'aikata yana cikin dalilan.